Umaru Mai Hoto da Fitilarsa Mai Zobe

Yau Talata. Ƙafafuna sun kwana a kumbure, tarin kuwa ya ɗan lafa, har na iya zama a zaure na ɗauki alƙalami. Kwana tara ke nan da wani direban Kalgo ya tsaya a ƙofar gidana nan Gwandu, bai ko kashe mota ba, ya ce, “Malam, sai haƙuri. Umaru mai hoto ya cika da hantsin nan.” Na yi salati. Sannan na tambaye shi wa ya aiko shi, domin na daɗe da sanin ba a zuwa ƙofata haka kawai. Ya ce ba kowa, hanya ce ta biyo da shi.

Ni na koya wa Umaru karatun boko a firamare, tun muna ƙarƙashin Sakkwato. Shiru-shiru ne, ba ya gardama, amma ba a sa shi abin da bai yi niyya ba. Da ya girma ya buɗe shagon hoto a Kalgo. Ranar kasuwa mutanen Dangoma da ƙauyukan kewaye sukan cika masa benci. In tsohuwa ta zo, da kansa yake gyara mata zama, ba ya ɗauka sai ta daina tsoron kyamarar. Yakan ce, “Mutum bai zo nan don shi ji kunya ba.”

Wata rana ya zo mini da wani littafin talla da aka aiko masa daga Ikko, ya ce Turancin ya fi ƙarfinsa. Hotunan fitilun kyamara ne a ciki. Wadda yake da ita a saman kyamara take zama, in ya matsa kusa da ƙaramin abu sai bakin kyamarar ya tare hasken, rabin hoton ya fito baƙi. Wadda yake so zobe ce, ana ɗaura ta a kewayen bakin kyamarar, haske ya fito ta ko'ina. Iri uku ne. Ɗaya sai an haɗa ta da lantarki, Umaru ya yi dariya ya ce a bar wa mutanen Ikko kayansu. Ta biyu mai batir ce, amma haskenta ɗaya ne, ba a rage shi. Ta uku mai batir ce ita ma, ana rage ta ana ƙarawa, tana kuma zuwa da ƙananan zobba don ta dace da baki kowane iri. Ya sa na karanta masa bayaninta har sau uku. Ya auna bakin kyamararsa da zare, muka gwada da lambar da ke littafin.

Na ce, “Duk wannan don fuskokin mutanen Dangoma?”

Ya ce, “A'a, Malam. Don littattafan babanka.”

Mahaifina ya bar mini gafaka huɗu na rubutun hannu, a ciki har da waƙoƙin wa'azi da shi ya tsara da Fillanci, waɗanda babu su a hannun kowa. Shekarun baya wani baƙo mai zaƙin baki ya zaga gidajen malamai yana aron littattafai, har yau ba a ga ƙeyarsa ba. Sai na ce a raina, ashe karatun tallar hanya ce ta shigowa. Na tambaye shi wa ya aiko shi. Ya ce, “Gara ta aiko ni. Na ga abin da ta yi ma na liman.”

Fitilar ta iso bayan watanni, ya fara gwada ta a kan mutane, ta kuwa jawo masa magana. Ba ta da ƙarfi, sai ya matso taku biyu daga fuska, kuma takan bar ɗan farin zobe a ƙwayar ido. Wata mata ta dawo masa da hoton ɗiyarta, ta ce, “Ɗiyata lahiya lau na kawo ta, kai ka sa mata hakiya!” Wani dattijo Bakabe kuma ya ce an shafe masa tsagar gidansu, domin hasken da ba ya barin inuwa yakan daidaita fuska ta zama sumul. Umaru ya sake ɗaukar su duka da hasken taga, bai ɓata rai ba. Daga nan ya riƙa cewa, “Fuska sai da inuwa. Takarda ce ba ta son ta.”

Shekara guda yana zuwa gaishe ni kafin na yarda, a kan sharaɗi. A zaure, ina zaune, gafaka ɗaya kawai, warƙa ba za ta fita ƙofa ba. Na ba shi ta waƙoƙin don ita ce ƙarama. A nan ma sai da fitilar ta ba shi wuya. Tawadar mahaifina mai ƙaro ce, tana ƙyalli, hasken ya riƙa dawowa yana cinye wasulla. Ya rage shi, ya lulluɓe zoben da ƙyallen farin alawayyo, ya tafi ya wanke, ya dawo ya sake. Ni kuwa na yi abin da nake jin nauyin rubutawa. Littattafanmu ba ɗinkakku ba ne, warƙa-warƙa suke, sai na hargitsa su kafin ya zo, don ko ya sayar, mai saye ya rasa kansu. Ya dubi kalmar da ake rubutawa a gindin shafi don ta nuna na gaba, ya dube ni, ya ce, “Iska ta shiga gafakar ga, Malam.” Ya zauna ya jera su ɗaya bayan ɗaya.

Da ya kawo hotunan, ko ɗigon ja bai ɓace ba. Ya roƙe ni kada in ajiye su ɗaki ɗaya da littattafan. Na ajiye su tare, don ban ga ɗakin da na yarda da shi ba sai wannan. Sannan na ce ya kawo fim ɗin mu ƙona a gabana. Ya ce, “Wanga kam ba ni yi, Malam.” Na ce to ya tabbata akwai mai jiransu. Na daina amsa gaisuwarsa da kyau, sauran gafaka uku kuwa ban sake bari ya gan su ba.

Daminar bara waccan ina kwance asibiti rufin ɗakin littattafan ya rufta. Abin da ruwa ya bari, gara ta ƙarasa kafin a sallame ni, har da hotunan. Umaru ya zo jaje, ya zauna a kan tabarmar nan, bai ambaci fim ba. Ni ma ban ambata ba. Na ɗauki shirunsa shaida ce cewa ya riga ya sayar.

Ranar uku da rasuwarsa aka ɗora ni a mota na je ta'aziyya Kalgo. Ƙanensa Bube ya ja ni gefe ya ce, “Baba, akwai wani gwangwanin fim cikin shago da sunanka. Ya ce in ba kai ka tambaya da bakinka ba, kar a ba ka, ƙona shi za ka yi.” Sai na ce, “To, na tambaya.” Bube ya ce zai kawo mini ran Talata da hantsi, domin ran Laraba wani mutumin Birnin Kebbi zai kwashe kayan shagon gaba ɗaya.

Ba zan yi ƙarya a kan mamaci ba, ba kuma zan yi ta a kan kaina ba. Har yanzu zuciyata takan ce mini, wa ya san ko ya wanke wasu ya bayar? Ban taɓa ganin shaidar haka ba, ko ɗaya. Abin da na gani da idona shi ne mutum ya durƙusa a zaurena kwana da kwanaki yana lallaɓa takardun wani kamar jarirai, mai takardun yana harararsa.

Allah ya jiƙan Umaru, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba matarsa da 'ya'yansa haƙuri, ya tsaya musu, ya raya abin da ya bari. Zaton da na yi masa, in zalunci ne, Allah ya yafe mini, tun da shi ba ya nan balle in roƙe shi.

Na sa an shimfiɗa tabarma tun safe. Motocin Kalgo uku sun wuce ta ƙofar gida, na ji tsayuwar ɗaya, ashe buhu aka sauke wa maƙwabci. Ga shi an kira magariba, Bube bai zo ba.