Jirgi Mai Bene na Kakata

Jiya a unguwar Ƙurban ta Madina motar baƙi mai bene ta wuce ni, sai kakata ta faɗo mini a rai.

Tana amarya ta raka kakanmu Iskandariya neman maganin ido. A can ta hau taram, jirgin lantarki mai hawa biyu. Har ta tsufa tana ba mu labarin ƙararrawarsa, da tartsatsin wuta a jikin waya, da iskar teku mai gishiri. Mu kuwa dariya muke yi.

Da irin motar nan ta zo Madina, na kai kakata ta hau. A matakala ta biyu gwiwoyinta suka gaza. Ta zauna a ƙasa tana haki.

"Kalas, shi ke nan, maigidana. Kai ka hau, ka gano mini."

Na hau, na ɓige da latsa waya. Da na sauko ta riƙo hannuna. "Me ka gani?"

"Wala shai, ba komai, Hajiya. Rufin gidaje ne kawai."

Muka koma gida. Ba ta ƙara ambaton jirgin ba har ta rasu.

Allah Ya yafe mini, Ya haskaka makwancinta a Baƙi'a.