Numfashin Goulven a Hawan Coci

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Goulven, kuma ba ta taɓa tare mini ƙarar algaitarsa ba. Makiyayin shanu ne a nan ƙauyenmu na Bretagne, a ƙasar Faransa. Tun yana yaro yake busa da ƙanensa Tangi, mai busa salka, wato jakar fata mai bututu da ake cika wa iska a matse ta a hammata ta yi ta kuka. A wajenmu algaita ba ta fita ita kaɗai: mai algaita ya ja baiti ya sauke ya sha iska, mai salka ya maimaita, sannan mai algaita ya dawo ya karɓa. Haka suka raka amaren ƙauyen nan kaf zuwa coci.

Sai suka ɓata a kan gonar tuffa ta gado, har gaisuwa ta mutu. Busa dai ba su fasa ba. In an gayyace su su zo, kowa ya kalli gabansa.

Bara ciwon huhu ya kwantar da Goulven. Ya tashi, numfashin bai taso da shi ba. Ga bikin 'yarsa Soazig ya matso, tsofaffinmu kuwa sun ce in busa ta yanke kafin amarya ta taka ƙofar coci, auren ba zai yi albarka ba.

Na leƙa ta katanga na ce, "Maƙwabci, nemo wani ya busa maka mana. Kai da ko kyandir yanzu sai ya ga dama yake mutu maka."

Ya ce, "Rufe mini baki, Fanch. Na raka 'ya'yan kowa, tawa zan ba wani?"

Cocinmu a kan tudu yake. Ranar bikin, a tsakiyar hawan, na ga wuyan Goulven ya kumbura, fuskarsa ta rine. Soazig na bayansa, ta ce, "Baba, ya isa haka." Ko waiwaye bai yi ba. Tangi ya kai ƙarshen baitinsa. Algaita ba ta ɗago ba. Uwar amarya ta damƙe mini hannu har farcenta ya shige ni.

Tangi ya koma farkon baitin. Ya ƙare, ya sake komawa. Ya rage tafiya, muka bi shi muna jan ƙafa kamar masu rakiyar gawa. Can sai ya zare bututun daga bakinsa, salkar na ci gaba da kuka a hammatarsa, ya ce, "Yaya, sha iskarka. Ina riƙe."

Goulven bai karɓa ba sai a matakalar ƙarshe. Baitin ya fito a tsage, amma da shi Soazig ta tsallaka ƙofa. Ya sulale ya zauna a dandamali, kansa a tsakanin gwiwoyi.

Na matsa na ce, "To, agwagwar wa aka taka a ƙarshen nan?"

Tangi na kwance wa yayansa maɓallin wuya, bai ko dube ni ba. "Fanch, kawo masa ruwa, ko in sa ka haɗiye bututun nan."