Littafin da Modu ya karanta mini

Wata Asabar ce ta damina, shekarar da na cika goma sha ɗaya, na iso gindin darbejiyar ƙofar gidan su Modu da littafi a cikin rigata. Yaran unguwarmu masu zuwa boko nan suke haɗuwa duk mako. Kowa ya zo da abin da ya aro a laburare, su yi musaya, wannan ya ce nasa ya fi daɗi, wancan ya ce kada a ɓata lokaci a kan wane. Dokarsu ɗaya ce: "Ba littafi, ba zama." Ni kuwa ɗan dillalin shanu ne, safiyata a kan ba dabbobi dusa da kwashe kashi take ƙarewa, ko harafi ɗaya na boko ban sani ba. Daga bayan katanga nake sauraronsu.

Littafin nan a wajen Ya Falmata mai ƙosai na samo shi, a Kasuwar Kwastam. Ba bango, shafukan farko ma sun tafi wajen naɗe ƙosai. Kwana uku ina ɗebo mata ruwa kafin ta bar mini sauran. Modu, wanda ya fi kowa iya karatu a cikinsu, ya karɓa, ya juya shi, ya dube ni. Ya ce, "Zauna, Jidda. Ai har da sunanka a ciki."

Ya gyara murya ya fara. Labarin wani wawan makiyayi ne wai shi Jidda, wanda ya kai saniyarsa makaranta don ta yi karatu a madadinsa. Yara suka yi ta birgima a yashi don dariya. Asabar huɗu yana ci gaba, kowace da sabuwar wautar Jidda, har ƴan mata a bakin famfo suka koma tambayata ajin da saniyata take. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na yarda. Na ɗauka wani babban mutum a wani gari ya san da ni, ya zauna ya rubuta ni wawa. Na karɓe littafina na jefa a ƙasan akwatin mahaifiyata, ban sake zama da su ba.

Bara, da furfura a gemuna, na shiga ajin yaƙi da jahilci. Da hannuna ya fara kama haruffa sai na tono littafin nan daga akwatin, takardun duk sun yi ja. Littafin koyar da noman gyaɗa ne. Tazarar kunya, lokacin shuka, maganin ƙwari. Ina bin kowane layi da yatsa, ban tsallake ko ɗaya ba, don in tabbatar ko da sunana a ciki.

Modu yana nan, ya yi ritaya daga koyarwa, har yanzu shi ke faɗa wa mutanen majalisarmu littafin da ya kamata su karanta. Ranar da na gama, zan miƙa masa a gabansu in ce, "Malam, nuna mini sunana." In ya kasa, ni zan karanta musu, da ƙarfi, tun daga farko.

Yaran yanzu a waya suke aika wa juna littattafai, ba wanda ke jiran bakin wani. Ni ma wani lokaci nakan yi kewar muryar nan tasa a ƙarƙashin bishiya, don gaskiya ya iya ba da labari. Amma kewa ba ta hana ni komai ba. Saura shafi goma sha ɗaya, kuma ba na sauri.