Fuskar Da Kwamfutata Ta Fito Da Ita

Shekaru sun shuɗe, abubuwa da yawa sun fita daga kaina, amma ranar da na tsaya a ƙofar wani kafinta a Salaga riƙe da hotonsa a hannuna, alhali ni ban taɓa ganinsa ba, shi ma bai taɓa ganina ba, tana nan daram a zuciyata, kuma na san da ita za a kai ni kabari.

A lokacin ina da ɗan shago a Yendi, kusa da tashar mota. Aikina ɗaukar hoto da bidiyon biki da suna, sai kuma gyaran tsofaffin hotuna. Kwamfutar da nake aiki da ita tsohuwa ce, ta hannu. Bidiyon biki ɗaya sai ya cinye mini kwana uku kafin ya haɗu, wani lokacin ma ana dab da gamawa ta ɗauke numfashi, in koma farko. Masu biki suka fara kai aikinsu Tamale. Abin ya yi ta cin raina, har na yanke shawarar sayar da shanun da na gada daga mahaifina, waɗanda suke hannun wani makiyayi a wajen Gushegu, na tafi Kumasi na sayo babbar na'ura, irin wadda masu haɗa fim suke aiki da ita.

Matata ba ta so ba ko kaɗan. Ranar da na sauke akwatin a tsakar gida ta zagaya shi tana kallo, ta ce, "Maigida, yanzu wannan baƙin akwatin ne ya haɗiye shanun Baba gaba ɗaya? Kuɗin nan fa fili zai saya mana, har a fara ɗora bulo." Na ce mata ta bari ta gani. Maƙwabtana na kasuwa su ma suka yi ta zolayata, wai na sayar da abin da ke haihuwa na sayo abin da ke shan wuta.

Gaskiya na'urar ta yi aiki. Abin da yake ɗaukar kwana uku ya koma kafin in gama shan koko. Hoto ya fito tar, launi ya zauna. Kuma a cikinta akwai wata manhaja da za ka ba ta hoton da ya dushe, ta fito maka da fuska kamar jiya aka ɗauka. Sai dai wanda ya sayar mini ya gargaɗe ni tun a Kumasi. Ya ce inda hoto ya lalace sosai, manhajar ba gani take yi ba, cikewa take yi da abin da ta ga ya dace. Na ji shi, na gyaɗa kai, amma hankalina yana kan yadda zan rufe bakin masu yi mini dariya.

Wata ranar kasuwa da hantsi wata Hajiya ta shigo shagona. 'Yar Bawku ce, tana zuwa Yendi sarin masara da doya. Ta zauna ta kwance bakin gyalenta, ta fito da wani ɗan hoto a naɗe cikin leda. Samari uku ne tsaye a gaban wata tsohuwar lori. Ruwa ya taɓa hoton, rana ta cinye shi, fuskar na tsakiya kuwa ba abin da ya rage sai dusu-dusu, kamar ka hango mutum ta cikin hayaƙi.

Ta ce, "Masta, wannan na tsakiya yayana ne. Ina 'yar shekara bakwai ya bi lorin shanu zuwa kudu, bai dawo ba har yau. Ba gawa, ba labari. Mma, mahaifiyarmu, tana nan da rai, ta tsufa sosai, kullum maganarsa take. An ce kana da injin da yake dawo da fuska."

Nan ne ya kamata in faɗa mata abin da aka faɗa mini a Kumasi. Ban faɗa ba. Cewa na yi, "Hajiya, zauna ki sha ruwa, yanzu za ki gani."

Na saka hoton a na'ura. Fankar cikinta ta ɗauki wani gurnani da ban saba ji ba, shagon ya yi tsit, har hayaniyar tasha na daina ji. Fuskar ta fara fitowa daga sama zuwa ƙasa. Goshi ya fito, sai gira, sai idanu. Da idanun nan suka buɗe a kan allo sai na ga ba kallon kyamara suke yi ba, ni suke kallo, irin kallon mutumin da ka shigo masa ɗaki ba sallama. A girarsa ta hagu akwai wani tabo da ya raba gashin gida biyu. Na duba tsohon hoton da kyau, ban ga alamar tabo a wurin ba. Na ɗora hannu zan goge shi, sai na ga ya ƙara wa fuskar kama da ta gaske, na bar shi.

Hajiya ta fashe da kuka. "Shi ne! Wallahi shi ne!"

Yanzu da na girma nakan tambayi kaina, me yarinya 'yar shekara bakwai za ta riƙe na fuskar da ta rabu da ita kusan shekara arba'in? Amma a ranar daɗi ne ya cika ni. Har na ƙara da abin da ba ta nema ba. Na sa na'urar ta tsofar da fuskar, ta sa masa furfura a gemu, kumatu suka ɗan faɗa, na buga mata guda biyu manya, na tura mata a waya. Ta biya ni fiye da abin da na yanka, ta tafi tana sa mini albarka. Da na koma gida na ba matata labari ina ta fankama.

Hoton ya shiga duniya. Hajiya ta raba wa direbobin lori da masu sayar da albasa, daga Kulungugu har Paga, daga can har kudu. Bayan kamar mako uku sai ga wayarta, ta ce an gan shi. Wani direba mai ɗaukar doya ya rantse ya ga mutumin a Salaga, kafinta ne a cikin zango, har tabon girar yana nan.

Maganar tabon ce ta tsaya mini a rai. Ni ne kaɗai na san cewa tabon nan ba daga tsohon hoton ya fito ba.

Ta ce, "Masta, za mu biyo ta Yendi da Mma. Dole ka raka mu, ta hannunka Allah ya yi wannan abu."

Suka iso da safe a motar haya, bayan sun kwana a hanya wajen dangi. Tsohuwar 'yar ƙarama ce, ta rame, ƙafafunta sun kumbura saboda zaman mota. Hoton da na buga yana kan cinyarta, gefensa har ya yi baƙi saboda yawan taɓawa. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a hankali, ta dube ni na ɗan lokaci. Daga Yendi har Salaga, duk ramukan hanyar nan da jar ƙasar da muka sha, ba ta yi ƙorafi ko sau ɗaya ba. Hajiya ce kaɗai take ta magana, tana lissafa abin da za ta dafa masa, da ɗakin da za a gyara masa a Bawku. Ni kuwa sau uku ina buɗe baki zan faɗi gaskiya ina rufewa.

Mun shiga Salaga rana tsaka. Ban taɓa zuwa garin ba sai ranar. Zafi ya kori kowa cikin gida, lunguna babu kowa sai awaki kwance a gindin katanga. Muka wuce ta gefen wasu tsofaffin rijiyoyin garin, bakunansu a buɗe cikin ciyawa, wasu ma sai ka zo dab da su kake ganinsu. Direban doyar ya kwatanta mana wurin, muka bi har muka fara jin ƙarar guduma.

Mutumin yana ƙarƙashin rumfar kwano, ya ba mu baya, yana gyaran makarar masallacin unguwa da ƙafarta ɗaya ta karye. Na yi sallama. Ya juyo.

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Fuskar da na zauna na kalla tana fitowa a allona ce tsaye a gabana tana zufa. Furfurar gemun, faɗawar kumatun, idanun da kallonsu iri ɗaya, da tabon da ya raba girar hagu. Hajiya ta saki ƙara ta zube ƙasa tana kiran sunan yayanta.

Kafintan ya tsorata, ya ja da baya da guduma a hannu. Na miƙa masa hoton. Ya karɓa ya daɗe yana kallo, ya kai yatsa ya taɓa girarsa, sannan ya ce da irin Hausarmu ta zango, "Wane ne ya ɗauke ni? Ni ban da wannan riga." Da na yi masa bayani a daddafe sai ya girgiza kai. Ya ce shi a gidan nan aka haife shi, bai taɓa taka Bawku ba. "Uwana yana ciki, ku tambaye shi." Tabon kuwa, ya ce bai fi shekara biyu ba da wani katako ya fallatso ya tsaga masa gira.

Hajiya ba ta yarda ba. Ta ce an juya masa tunani ne, an yi masa asiri ya manta gida. Tana cikin haka tsohuwar ta ce a kama ta ta sauko daga mota. Ta taka a hankali har gabansa, ta ce, "Ɗana, ba ni hannunka na dama." Ya ba ta. Ta juya tafin, ta shafa gefen ƙaramin yatsansa sama da ƙasa. Ashe ɗanta da yatsa shida aka haife shi, wanzami ya cire na shidan, ya bar ɗan ƙulli a wurin. Hannun kafinta sumul yake.

Ta saki hannun a hankali ta ce, "Ba shi ba ne. Allah ya yi maka albarka, ka yafe mana."

Mahaifiyar kafintan ta fito da jin hayaniya, wata tsohuwa doguwa, kamarsu ɗaya da shi. Da ta ji abin da ya kawo mu sai ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, ta zauna kusa da baƙuwarta ta riƙe mata hannu. Ba su da yare ɗaya sosai, amma sun daɗe a haka. Shi kuwa kafintan ya ƙi sake kallon hoton. Ya kifa shi a kan benci ya ɗora katako a kai, ya roƙe ni in goge shi daga duk inda yake, don shi jikinsa bai ba shi ba.

Da za mu tafi, tsohuwar ta kira ni gefe. Na durƙusa na faɗa mata duk abin da ya kamata in faɗa tun ranar farko, cewa injin bai san ɗanta ba, ƙirƙira ya yi, kuma na sani na yi shiru. Na zaci za ta yi faɗa. Ba ta ɗaga murya ba.

Ta ce, "Tun da aka kawo mini hoton zuciyata ba ta kwanta ba, amma kowa ya ce shi ne, sai na ce ko tsufa ne ya canza shi. Na yi ta kallo safe da yamma. Duk shekarun nan, in na rufe idona ina ganin yarona kamar yadda ya fita da jakarsa. Yanzu in na rufe ido wannan bawan Allah nake gani. Na neme shi na rasa. Ɗana, wancan tsohon hoton da ba a ganin komai, yana wajenka?"

Yana cikin aljihuna. Na ba ta, ta naɗe shi a bakin zaninta.

Ba ta cika wata huɗu ba bayan wannan tafiya Allah ya yi mata rasuwa. Na je Bawku gaisuwa, Hajiya ta karɓe ni da mutunci, amma na kasa tambayarta ko fuskar ta dawo wa tsohuwar kafin ta cika. Har yau ban sani ba.

Na dawo na bincike duk hotunan da na taɓa ɗauka, biki da suna da na kati, ko kafintan ya taɓa shiga ɗaya daga ciki na'urar ta tsinto shi. Babu shi. Na tambayi masana harkar, wasu suka ce dace ne kawai, fuskokin mutane suna kama. Wataƙila haka ne. Amma ba wanda ya iya yi mini bayanin tabon, ni ma na daina nema.

Har yanzu da na'urar nake aiki, da ita nake ciyar da iyalina, kuma ba zan ce ba ta cancanci kuɗinta ba. Abin da na koya shi ne, ƙarfin kayan aiki ba ya ɗauke wa mai shi nauyin faɗin gaskiya, sai ma ya ƙara masa, domin ƙaryar da ta fito tar an fi saurin yarda da ita. Yanzu in aka kawo mini hoton mamaci ko wanda ya ɓata, ina wanke datti, in ɗinke inda ya yage, in tsaya daidai inda hoton ya tsaya. In mai shi ya matsa in fito masa da fuskar, sai in ce masa, "Wadda ke cikin kanka ta fi wadda zan ba ka. Riƙe ta da kyau, kada ka bari kowa ya taɓa maka ita, ko da ni ne."