Wadda Ta Buɗe Ƙofa

A shekarata ta ƙarshe a kolej ta Filinge, malaminmu na Faransanci ya ɗauko wani tsohon wasan kwaikwayo da yayyenmu ma suka karanta kafin mu. Ya ce mu mai da shi Hausa, mu yi wa iyaye ranar rufe makaranta. Labarin wani gari ne da mayaƙa suka kewaye, rijiya kuwa tana bayan ganuwa. Matar mai tsaron ƙofa ta ga ƙishirwa na kashe yara, sai ta saci mabuɗi ta buɗe don a ɗebo ruwa. Ta nan abokan gaba suka shiga, suka cinye garin.

Ajinmu ya rabu biyu a kanta. Wasu suka ce abar tausayi ce, malam kuwa ya kafe cewa maciya amana ce, haka kuma za a nuna ta. Ni ya ba matsayinta, wai duk ajin babu wadda ta kai ni iya harara. Ban musa ba, don gaskiya ya faɗa.

Abin da malam bai sani ba, muna da irin wannan mata a gidanmu. Gwaggona ce, yayar Baba. Da mijinta ya rasu ta dawo gidanmu da 'ya'yanta. A wata shekarar fari, Baba ya tafi cin rani, ya bar ƙaramin rumbun iri a liƙe da laka. A ƙasarmu ta Kurfai mace ba ta buɗe rumbun namiji, ko leƙawa ba ta yi. Gwaggo ta fasa shi, ta daka irin, ta dama kunu. Da ruwa ya sauka Baba ya dawo bai tarar da abin shukawa ba, gonarmu ta kwana a wannan damina. Gwaggo ta kwashe 'ya'yanta ta koma wajen Tabla. Tun daga nan Baba bai sake yi mata magana ba, kuma ya daina aika mata damin hatsin da ɗan'uwa ke aika wa 'yar'uwarsa bayan girbi.

Ni dai a ranar kasuwa nake ganinta, tana sayar da kuka da yakuwa. In ta hango Baba sai ta kama bakin mayafinta ta danne leɓe da shi, ta sunkuyar da kai har ya wuce. Abin yana ƙona mini rai.

Na tambayi Inna, wato uwata, ko Gwaggo muguwa ce. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba.

"Ke kika tambaya? Nonona ya ƙahe a shekaran nan. Ke da ɗiyanta kunka sha kunun."

Tun daga ranar harara ta gagare ni. A wajen gwaji ina yi wa malam yadda yake so, ina zare ido ina murguɗa baki, yana jin daɗi. Amma na riga na ƙulla abin da zan yi.

Ranar wasa aka shimfiɗa tabarmi a filin makaranta da la'asar. Baba yana gaba-gaba, ya sha rawani, don 'yarsa za ta fito. Aka zo inda dattawan gari suka tsai da matar suna zaginta. A nan ne ya kamata in yi dariyar mugunta. Sai na kama bakin mayafina na danne leɓe, na sunkuyar da kai, na faɗi maganata a hankali: yaran ne na ji suna kuka. Ban canza kalma ko ɗaya ba. Malam yana bayan zanen da muka rataya yana ta yi mini alama da hannu kamar mai korar kaji. Wata tsohuwa a cikin 'yan kallo ta daka wa dattawan wasan tsawa, ta ce su bar baiwar Allah haka nan. Aka yi dariya, amma Baba bai yi ba.

A hanyar gida, da muka kusa ƙofa, Baba ya juyo ya tambaye ni.

"Wa yag gwada miki wanga riƙon mayahi?"

"Ba kowa, Baba. Kasuwa nig gane shi."

Na ce a raina yau na jawo wa kaina. Ya dube ni, sannan ya ce, "Garin dai ya ci wuta sabadda ita."

"I, Baba. Amma ɗiyan sun sha ruwa."

Ya shige gida ya bar ni tsaye.

Damina ta wuce bai sake tayar da zancen ba, har na fid da rai. Bayan girbi, wata safiya, ya ɗaura wa jaki amalanke, ya ɗora dami mafi girma a cikin na gonarmu, ya ce in hau. Ban tambayi inda za mu ba, don na ga hanyar da ya miƙa.

Muka tarar da Gwaggo tana sussuka a tsakar gida. Da ta gan shi, hannunta ya tafi bakin mayafi kamar kullum. Baba ya sauke damin da kansa, ya ajiye a gabanta, ya durƙusa kamar yadda ƙane ke yi.

"Yaya, ga rabonki. Ya daɗe bisa hanya."

Gwaggo ta dube shi, ta dubi damin, sannan ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta saki mayafin, ta yi murmushi. Ashe tana da wushirya, ban taɓa sani ba sai ranar.

"Wagga ita ta 'yar kunun?" ta ce. "Kai, irinka ya yi tsawo."