Lemuel Pettway da Gishirin Kan Titi

Ina kan kujerar mai aski, an yi mini rabin kai, sai wayata ta yi ƙara a aljihu. Safiyar Laraba ce, tsakiyar Afrilu. Da na ga sunan Odessa gabana ya faɗi, domin fiye da shekara hamsin ina tare da mijinta Lemuel, ba ta taɓa kirana da kanta ba. Shi ke kira, ita kuma ta riƙa jefo magana daga kicin.

"Ɗan'uwa Orval," in ji ta, "abokinka ya tafi. Yanzun nan, a kan kujerarsa."

Ban san abin da na ce mata ba. Na dai tsinci kaina a bakin titi da mayafin aski a wuya, mai askin yana bayana yana kiran sunana.

A wurin jana'iza, duk tsohon da ya kama hannuna cikin waɗanda muka yi aiki tare, tambaya ɗaya yake yi ƙasa-ƙasa: "Ya samu ya tuƙa ta kuwa?" Kowa a arewacin garin Flint ya san motar da ke garejin Lemuel Pettway, kowa kuma ya san zuciyarsa ta gaji tun bara. Ga amsar nan yanzu.

A wani ƙauye na jihar Alabama aka haifi Lemuel. Yana ɗan shekara goma sha tara ya hau bas zuwa Flint, ba shi da komai sai soyayyar kaza da burodin masara da mahaifiyarsa ta ƙulle masa a takarda. Ya sami aiki a masana'antar Buick, a layin haɗa motoci, aka ba shi ɗaura ƙofar hagu. Ni ina ta dama. Mota ta iso tsakaninmu, ya ɗaura tasa, in ɗaura tawa, ta wuce, wata ta iso. Shekara talatin muna hira ta cikin tagogin motocin da ba namu ba. Gajere ne mai faffaɗan ƙirji, ba ya shan giya, ba ya caca, yana cikin mawaƙan coci da wata murya irin ta salansar da ta huje, kuma babu wanda ya taɓa samun ƙarfin halin faɗa masa.

A shekararsa ta farko layin ya kawo wata mota ƙirar Electra mai rufin tamfol, irin wadda ake naɗe rufinta baya, doguwa kamar kwalekwale, shuɗiya. Ya bi ta da ido har ta ɓace. Ya ce, "Orval, wata rana." Ya yi aure, ya aurar da 'ya'ya uku, ya yi ritaya, sannan wata ranar ta zo. Ya samo irinta, ta shekarar, a rumbun wani manomi wajen garin Lapeer, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Ya sa ƙafa zai shiga, ƙafar ta zarce har ƙasa. Gishirin da ake watsawa a titi duk hunturu don narkar da ƙanƙara ya cinye cikinta sarai, tsatsa kawai ta rage.

Ranar da muka jawo ta gida ya ɓalle murfin cikin ƙofar hagu, ya haska fitila, ya daɗe yana duba notunan.

"Aikina ne," ya ce.

"Kai tsoho, ji tsoron Allah. Motoci dubu nawa suka wuce ta hannunmu?"

"Taɓa ta dama ka ji yadda take rawa. Wannan kuma naka ne."

Shekara huɗu ya yi kwance a ƙarƙashinta, yana yanke ruɓaɓɓen ƙarfe yana walda sabo, tartsatsi yana huda masa riga, garin tsatsa yana shiga masa ido. Tun daga nan ya ɗauki gishiri abokin gaba. Dama duk mai tsohuwar mota a nan ya san ƙa'ida: daga ranar da motar watsa gishiri ta fara wucewa, sai a rufe gareji, ba a sake fitowa sai ruwan bazara ya wanke titi. Yawanci ruwa biyu suke jira. Lemuel uku yake cewa, masu ƙarfi, kuma ko bayan na ukun sai ya durƙusa ya jiƙa yatsa ya dangwali kwalta ya ɗanɗana. Haka yake yi wa motocin abokai tun tasa ba ta da taya.

Bayan ƙarfe sai inji, bayan inji sai birki da wayoyi da kujeru da fenti. Ba ya yarda a taɓa masa noti ɗaya; ni aikina riƙe fitila da shan faɗa. A shekara ta goma sha ɗaya, da rani, ya fara tsayawa a tsakiyar magana yana neman numfashi, ƙafafunsa suka kumbura har takalmin aiki ya daina shiga. Bai ce wa kowa komai ba. Ya yanka bakin takalmin da wuƙa ya ci gaba.

Ƙarshen Oktoba motar ta tashi. Injin yana gurnani a hankali kamar kyanwa, fenti yana ɗaukar ido, tamfol baƙi sabo fil. Ga shi an sami sati guda na rana mai daɗi, irin wanda ba ya sake dawowa. Amma Lemuel ya tsaya a bayan motar ta hagu yana shafa wani wuri a jikin tamfol ɗin, inda ya ɗan tattare kamar goshin tsohuwa.

"Mu naɗe shi baya mu fita," na ce. "Wa zai gani?"

"Ni na gani."

"Lem, dubi sama. Kwana nawa kake jin ya rage?"

"Sannu ba ta hana zuwa."

"Sai dai a daɗe ba a je ba. Ƙarasa karin maganar mana."

Ya yi kamar bai ji ba. Ya kwance rufin gaba ɗaya, har ƙarafan da ke ɗaga shi suka zube a ƙasa, ya sake ja daga farko. Aikin kwana uku ne ga mai lafiya. Shi ya ci kwana goma sha ɗaya, don bayan kowace ƙusa sai ya zauna. Ya gama ranar Lahadi da yamma, tamfol ya miƙe sumul kamar fatar ganga. Ya ce gobe da hantsi za mu fita. Da asuba yana kwance ya ji motar gishiri tana tafe tana ƙara, gishiri yana tsalle a kan kwalta kamar ana watsa wa kaji tsaba. Odessa ta ce bai ko ɗaga labule ba. Ya juya fuskarsa bango.

A watan Janairu Odessa ta tare ni a kicin, ta rage murya. "Likita ya ce zuciyar ba ta da sauran ƙarfi. Ya ce ko bazara sai an yi sa'a."

"Shi ya ji?"

"A gabansa aka faɗa. Ka san me ya tambaya? Wai farkon bazara ko ƙarshenta."

Aka kawo masa tukunyar iska mai siririn tiyo a hanci. Daga kicin zuwa gareji taku ashirin da biyu ne, ya ƙirga. A Disamba yana yin su a tafiya ɗaya. A Fabrairu sai ya huta sau biyu, yana dafa bango. Kullum da hantsi zai shiga motar ya zauna, bargo a gwiwa, hannu biyu a sitiyari, yana kallon ƙofar gareji a rufe. Tsoro yake ji, na sani, don ya daina yi mini faɗa. Rediyonsa kuma bai sake barin tashar hasashen yanayi ba.

Wata rana a Fabrairun aka wayi gari da rana tarwai, titi a bushe. Na ruga gidansa. Ya leƙa ta taga ya ce, "Ka ga farin nan a kan kwalta? Ba ƙanƙara ba ce."

"Zagaye ɗaya, Lem. Ni zan wanke."

"Akwai inda ruwa ba ya kaiwa amma ƙurar gishiri tana kaiwa. Shekara huɗu ina ƙwato ta daga bakin kura, yanzu in mayar da ita da hannuna?"

Tsakiyar Maris aka yi ruwa na farko, mai ƙarfi, ya ja layi da alli a bangon gareji. Bayan kwana shida na biyu ya sauka, ya ja wani. Na fara barci da rabin ido, ina sauraren rufin ɗaki. Saura ɗaya. Sai gari ya juya, dusar ƙanƙara ta sauko kwana biyu a jere, motar gishiri ta wuce har sau uku. Na iske shi a tsaye gaban bango, yana goge layukan da hannun riga.

A nan na kasa riƙe kaina. "Wai kai wane irin taurin kai ne da kai? Ƙarfe ne fa! Ita za ta kai bazara ko ta ƙi ko ta so. Kai fa?"

"Ai shi ya sa," ya ce, bai juyo ba. "Ita za ta daɗe bayana. Ba na son wani ya kwanta a ƙarƙashinta ya ce Pettway bai san aikinsa ba."

Na buga masa ƙofa na fita. Kwana uku ban je ba, kuma waɗannan kwanaki ukun har yau suna cina.

Afrilu ta kawo ruwa ɗaya mai kyau. Na biyun yayyafi ne, ya ƙi ja masa layi, ya ce wannan tofi ne ba ruwa ba. Ranar Lahadi bai zo coci ba, karo na farko da na sani. Da aka tashi Odessa ta riƙe hannun kwat ɗina a bakin ƙofa. Ta ce kwana biyu ke nan a zaune yake barci, ko rabin ƙwai bai ci ba da safe. "Ɗan'uwa Orval, na roƙe ka. Ni ba ya jin tawa."

Muka same shi a gareji, ya riga ya kai kansa, yana zaune a kan kujerar roba, leɓɓansa sun yi toka-toka. Ƙofar a buɗe take, rana tana kan bonet.

"Ruwa ɗaya da rabi," na ce. "Amma wancan na farkon ya kai biyu. Bari in ɗanɗano maka."

Ya daɗe yana kallona. Shi dai ya san ba zai iya durƙusawa ya tashi ba. Ya ɗaga haɓa wajen titi.

Na taka har bakin kwalta da kayan cocina, na durƙusa, na jiƙa yatsa, na dangwala, na kai baki. Gishiri ne zalla, kamar na lashi ruwan da aka jiƙa naman ajiya. Na haɗiye. Na miƙe ina kaɗe gwiwa, na dawo.

"Lami," na ce. "Kamar miyar asibiti."

Ina jin iskar tukunyarsa tana huci. Can ya miƙa hannu ya ce, "Odessa, makulli."

Muka ɗora shi a kujerar direba. Ya danna maɓalli, tamfol ya ɗaga ya naɗe kansa a baya. Odessa ta shiga baya da hular cocinta, ta rungume tukunyar iska kamar jariri. Ni ina gefensa, idona a kan ƙafarsa, don ban tabbata tana da ƙarfin taka birki ba. Motar ta silalo, tayoyinta suka taɓa titi, sanyi ya dake mu a fuska. Hannuna ya kai kusa da sitiyari ban sani ba.

"Janye hannunka, ko in sauke ka."

Tafiyar ba ta fi ta mai keke sauri ba. Mutane suka fito baranda suna ihu, wata tsohuwa tana kaɗa tawul, wani yana kiran "Pettway! Pettway!" Bai kalli kowa ba. Ya kauce wa wani ɗan kududdufi kamar rijiya ce. A mahaɗa ta uku ya tsaya, babu mota ko ɗaya, amma bai tashi ba. Kansa ya sunkuya, idanunsa a rufe. Odessa ta damƙi kafaɗata. Na kira shi, na sake kira.

"Yi mini shiru," ya ce. "Inji nake saurare."

Layi shida muka zagaya, muka wuce coci, muka dawo. Da kansa ya shigar da ita gareji da baya, bai goga ko'ina ba.

Litinin da Talata na je, duka biyun yana barci, ban bari a tashe shi ba. Saboda haka maganarmu ta ƙarshe ita ce wadda muka yi ranar, a bakin ƙofar kicin, ina riƙe da shi ta hammata yana hutawa.

"Orval."

"Na'am."

"Ka yi ƙarya ranar Lahadi, fitowarka daga coci."

"In ji wa?"

"Ina kallonka. Ka yamutsa fuska kamar an ɗura maka maɗaci."

"To don me ka karɓi makulli?"

"Na ga in ban fita ba, kai za ka riga ni tafiya." Ya ja numfashi. "Ɗauko tiyo. Ka shiga ƙarƙashinta ka wanke, lungu-lungu, tun bai kama ba."

"Da waɗannan kayan?"

"Da su ka yi ƙaryar, da su za ka wanke."