Inna Turai Mai Lalle da Yatsan da Take Bari

Kafin hantsi ya ɗaga a Karare, Inna Turai ta riga ta kwaɓa lallenta, ta rufe ƙwarya da faifai, ta jera ledoji da tsummokaran ɗauri. In da biki a Darini ko Batsari ko can Safana, mai mashin ya san ƙofar gidanta. In babu, mata su cika mata tsakar gida. Haka ta yi ta yi tun tana amarya har jikoki suka girma.

Shi lalle, da zarar an ƙunsa wa mace hannu, ta zama 'yar kallo. Hanci ma ba ta iya sosawa, balle ta taɓa waya. To tun da manyan wayoyi suka shigo ƙauye, sai aikin Inna ya ƙaru. Saƙon murya na faɗowa, mai wayar ta ce, "Inna, danna mana mu ji." In lokacin siyasa ne kuwa, sai ka tausaya wa kunnenta: wane ya ci amana, wane ya janye, wane ya yi rantsuwa.

Takan bari a ji har ƙarshe, sannan ta ce, "Muryar wa ce?"

"Oho, a guruf aka turo, Inna."

"Shi Guruf ɗin ɗan gidan wa ne?"

Sai dariya. In an ce ta tura wa wasu, ta ce ita ba ta kai saƙon wanda ba ta san gidansu ba, mai waya ta jira a kwance mata hannu ta tura da kanta. Kafin lalle ya kama, zafin maganar ya huce, sau da yawa ma an manta.

Abin da ya sa nake wannan rubutu ya faru ne a satin wani zaɓe. An yi biki a Karare, kusan kowace mace a garin Inna ce ta yi mata ƙunshi. Matan nan sun sha zirga-zirgar Batsari kafin su karɓo katin zaɓe, wasu karon farko ke nan a rayuwarsu. Kwatsam ga saƙo, wata murya mai zaƙi, wai duk mai lalle a yatsa na'urar tantancewa ba za ta karɓe ta ba, a gaban maza za a kore ta, gara ta zauna gida da mutuncinta.

Gwaggo Hussaina, tsohuwar da ta fi kowa ɗokin katinta, ta dirji hannu da toka da lemon tsami har fata ta saɓule. Ta zo gidan Inna da hannu a naɗe, ta ce, "Turai, ke kika hana mu."

Maganar ta yi wa Inna ciwo ƙwarai. Ita kanta ba ta san ko gaskiya ne ba, kuma ba ta yi kamar ta sani ba. Ta hau mashin zuwa Batsari, ta samu wani ma'aikacin zaɓe, ta buɗe masa tafin hannunta.

"Ɗana, mai wannan za a kora?"

"A'a, Mama. In yatsa ya ƙi, fuska ake dubawa."

Ta dawo ta yi nata saƙon murya, ta faɗa wa mata abin da ma'aikacin ya ce. Da sunanta ta fara, da sunan mijinta Malam Barau, da kwatancen gidanta, don mai shakka ta zo ta same ta. Amma tsoron kunya ya riga ya shiga mata, baki kaɗai ba zai fitar da shi ba.

Ranar zaɓe ta fito da sabon lalle har wuyan hannu, ta tsaya ita kaɗai a layin mata, sauran suna leƙe ta bayan danga. Ta san in aka juyo da ita, matan Karare sun gama fita zaɓe, ita ma ta gama ƙunshi a garin. Aka ɗora yatsanta, na'ura ta ƙi. Aka goge, aka sake, ta ƙi. Waɗanda suka gani sun ce Inna ko motsi ba ta yi ba, ta dai gyara mayafi ta ɗago fuska. Na'ura ta karɓa. Da ta jefa ƙuri'arta ta juyo, Gwaggo Hussaina ce a bayanta da naɗaɗɗen hannu, layin mata kuma ya kai har gindin bishiyar bedi.

Inna Turai, ke ce ba ki taɓa tambayar mace wa ta zaɓa ba, ba ki kuma taɓa ce mata ga wanda za ta zaɓa ba. Tun daga shekarar nan, in zaɓe ya ƙarato, kikan bar babban yatsa fari, don kada maƙaryaci ya sake samun abin tsorata mu. Yanzu ido ya yi rauni, kin miƙa ƙwarya ga 'yarki Muhsina. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara lafiya. Mu kuma da hannunmu ke sake, mu riƙa tambayar muryar wa ce kafin mu tura.

Gwaggo Hussaina ce ta ƙarshe da Inna ta ƙunsa wa, a hannun nan mai tabo. Ba lokacin zaɓe ba ne, Inna ta kai lalle za ta rufe babban yatsa, sai tsohuwar ta janye shi.

"Bar mini wannan, Turai. Ina da aiki da shi."